Jan Kati Don Ƴar Kofi

Daga uwar Ƴar Kofi zuwa ga Gwaggo mai wankin kulob

Gwaggo, sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya ƙafar taki, ya fama da ruwan sanyi? Na san za ki ce wace ce wannan. Ni ce ƴar marigayi mai gyaran keke, wanda ke da shi kakanku ɗaya. Mijina shi ne ɗan bayan kulob ɗinku, wanda ƴan kallo suke ce wa Liman, don tun da ya fara ƙwallo alƙalin wasa bai taɓa ɗaga masa kati ba.

Ba ni nake rubutawa ba, ban iya ba. Maƙwabciyata Tela ce ta ture keken ɗinki ta riƙe biro, ni ina faɗa. Na ce mata kar ta gyara mini magana, yadda ta fito haka za ta sa. Direban motar kaya mai bin hanyarku shi zai kawo miki.

Gwaggo, yarinyar ce ba lafiya. Kin san ta ai, ko a hoto. Ita ce na haifa ranar da kulob ɗinku ya haye babbar gasa, Ciyaman ya zo har asibiti da masu ɗaukar hoto, ya karɓe ta daga hannuna, ya dangwara ta cikin wannan kofin ƙarfen nasu mai sanyi, wai ita ce sa'ar kulob. Tun daga ranar sunanta ya ɓace, kowa sai Ƴar Kofi. To ga sa'ar kulob nan kwance. Cikinta ya kumbura kamar an hura, idonta ya yi fari fat, nono ma sai ta kama ta saki. Likita ya ce sai an yi mata aiki, amma ba zai sa mata wuƙa ba sai an ajiye jini a gefe. Wai irin jininta ba a cika samu ba. An gwada nawa bai yi ba. Na ƙanen babanta bai yi ba. Na mijin Tela, Allah Ya saka masa, bai yi ba. Asibiti sun nema ko'ina, babu. Na ubanta ne ya yi, don na kai katin gwajin da kulob suka taɓa yi masa, likita ya duba ya ce yauwa, wannan shi ne, ina mai shi?

Ina mai shi, Gwaggo? Mai shi yana can wurinku an kulle shi kamar ɓarawon akuya. Tun da suka fara shan kashi aka kwashe su aka kai wannan sansanin, aka karɓe musu waya, wai mu mata mu muke kashe musu ƙafa. Ni na kashe musu ƙafa? Ina nan ina wanke zawon yarinya aka zura musu huɗu a raga. Na je ofishinsu na nan cikin gari, wani mai tumbi da hular kulob ya ce in rubuto takarda. Na ce ban iya ba. Ya ce to in je in koyo.

Ƙartin maza, da gemu, da ƴaƴa a gida, suna bin fata mai iska da gajeren wando, gari guda ya haukace a kansu. Ni ko sun hau ko sun sauka bai dame ni ba. Ke kike karɓar kayansa masu datti, ke kike mayar masa. Don Allah ki gaya masa baki da baki, ya zo a ɗebi jinin ya koma ya ci gaba da gudunsa. Tsoro nake ji, Gwaggo.

Ɗiyarki.

Daga Gwaggo

Ɗiyata, na karɓi takardarki, ina amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, in ma kin san ta. Tun rasuwar babanki ban ga ƙeyar kowa daga gidanku ba, sai yau aka tuna akwai wata tsohuwa mai kumfa a hannu. Ba komai. Ni da hannuna nake rubutu, ba na jiran tela ta gama kalmasa. Da na kira ki, amma wayata ta faɗa baho ta mutu. Allah Ya ba yarinya lafiya.

Kin ce gari ya haukace. Zo ki ga nan. Tun da suka haye, Ciyaman ya daina amsa gaisuwar mai shara. Ya canza musu launin jesi zuwa fari, wai na manya, bai tambayi mai wankewa ba. Ya sayo wani dogo daga nesa, mai ɗan kunne, wai shi zai riƙa ci musu ƙwallo. Jesinsa in ta zo wurina turare kawai take yi, sai in kaɗa ta in rataye. Yaran da suka hawo da kulob kuwa rabinsu an sallame su, ko sannu babu. Ga shi yanzu suna can ƙasan teburin gasa, wasanni kaɗan suka rage, in ba su farfaɗo ba za a mayar da su inda suka fito, da farar jesinsu.

Na gaya wa mijinki. A bakin famfo na same shi yana wanke safa, don shi kaɗai ne ke jin kunyar ba ni safarsa. Ya kife bokiti ya zauna a kai. Sannan ya tashi ya je wurin Koci. Koci ya tura shi wurin likitan kulob. Likitan ya ce wanda aka ɗebi jininsa ƙafarsa ba ta dawowa da wuri, kuma ba su da wani ɗan baya mai lafiya sai shi. Aka kai magana gaban Ciyaman. Ina guga a ɗakin da ke kusa, na ji komai. Ciyaman ya ce da zarar sun tsira, shi da kansa zai ɗauke shi a motarsa, da ƴan jarida, a je a ba da jinin a gaban kowa. Ya ce a gaishe masa da sa'ar kulob.

Kin san abin da mijinki ya ce? "To, ranka ya daɗe." Har da durƙusawa. Wannan mutumin ko kaza ta taka shi sai ya ba ta haƙuri. Ke kika zaɓa.

Kar ki ce ya gudo. Katangar nan kwalba ce a samanta, a ƙofa ga mai gadi ga kare, kuma mai gadin ya fi karen son Ciyaman. Ki nemi wata hanyar.

Gwaggonki.

Daga uwar Ƴar Kofi

Gwaggo, ina gaisuwa, ina fatan kin tashi lafiya. Na ji faɗan da kika yi mini na rashin zumunci, na karɓa, ki ajiye sauran sai yarinya ta tashi ki ƙarasa.

Yanzu asibiti muke kwana. Tela ce take biyo ni nan da takarda, a kan benci take rubutawa. Gadonmu na bakin taga ne, kusa da wata mai ƴan biyu. Ƴar Kofi ta daina kuka, Gwaggo, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Da tana tsala ihu har a ce in fita da ita. Yanzu sai ta buɗe baki, ba abin da ke fitowa. Likita ya ce shi ba ya lissafi da teburin gasa, cikin nan ba zai jira ƙarshen kaka ba.

Kin ce in nemi wata hanya, na nema. Na je wurin shugaban magoya baya, mai busa ƙaho ɗin nan. Ya bugi ƙirji ya ce jinin kulob guda ne, gobe zai cika asibiti da mutane. Ya zo da ƴan tsiraru, da tuta, da ƙahon. Kafin a gwada kowa sai da suka naɗa wa yarinya ƙyallen kulob a wuya suka yi hoto. Wani ƙato mai shafa fenti a tumbi, wanda ke cewa zai mutu saboda kulob, yana ganin allura ya sulale ƙasa, sai da aka yi masa fifita. Jinin sauran bai yi ba. Suka sha lemon da ake ba masu ba da jini, suka tafi suna waƙa. Nas ta kore su da tsintsiya.

To ga abin da na gani. Na je gida ɗauko zani, na tarar mijin Tela yana kallon wasan wasu a talabijin. Wani ya kwashe ƙafar wani, alƙali ya zaro wani ɗan jan kati ya ɗaga. Sai na ga mutumin ya juya ya fita, ya shige wata ƙofa, ba wanda ya tare shi. Ba mai gadi, ba kare. Na ce wannan ina za shi? Mijin Tela ya ce an kore shi ke nan, kuma wasa na gaba ma ba zai buga ba, doka ce, ko Ciyaman ɗinsu bai isa ya sa shi ba. Na ce ashe akwai ƙofa!

Gwaggo, in ba zai buga ba, me za su yi da ƙafarsa? Me za su yi da jininsa? Ki gaya masa ya karɓo jan nan. Ba na ce ya karya ɗan kowa ba, kowa da uwarsa. Ya san dai yadda ake yi, sana'arsa ce. Ya karɓo, ya bi ta ƙofar nan, ya hau mota. Tela tana dariya, wai ba haka abin yake ba. Ke dai rubuta. Ita ma ɗinki ta sani, ba ƙwallo ba.

Ɗiyarki.

Daga Gwaggo

Ɗiyata, gaisuwa, da yi wa yarinya sannu. Ni lafiya, sai ciwon ciki da kika sa mini don dariya.

Wa ya gaya miki ƙofar nan gida take kai mutum? Ɗakin canza kaya take kai shi, wurin kwandunana. Wanda ya karɓi ja a kulob ɗin nan ba ya zuwa ko'ina. Ranar wasa ƴan uwansa su tafi a bas, shi a bar shi a sansani yana zagaye fili da buhun yashi a kafaɗa, mataimakin Koci yana binsa da usur. Na ga an yi wa wani yaro haka har ya yi amai. Jan kati ba takardar sallama ba ce. Wannan shi ne illar rashin zuwa makaranta, ki leƙa talabijin ɗin maƙwabta sau ɗaya ki dawo kina koya wa mutane doka.

Abin ya ba ni dariya har na kasa riƙe shi. Ina shanya a bayan ɗakin cin abinci, yaran suna zaune a inuwa, na ce, "Liman, ka ji saƙon uwargida. Wai ka taimaka ka karɓo mata jan kati a wasan gobe, ka kawo mata gida." Wurin ya ɗauka da dariya. Gola ya faɗi ƙasa yana bugun cinya. Dogon mai ɗan kunne da ba ya jin maganarmu sai da aka fassara masa, shi ma ya washe haƙora. Mataimakin Koci ya ce, "Liman da ja? Sai dai in alƙali ya yar da shi ya tsinta ya mayar masa." Har sun fara kiransa Mai Ja.

Shi dai bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko kin faɗi yadda numfashinta yake. Na ce kin ce ta daina kuka. Ya ɗauki rigarsa daga igiya, ba ta ma bushe ba, ya tafi.

Ki cire wannan shirmen daga ranki, ki dage da addu'a. Direba ya ce motarsa tana ba shi wahala, ban san yaushe wannan za ta iso ki ba.

Gwaggonki.

Daga uwar Ƴar Kofi

Gwaggo, sallama. Lafiya kuwa? Shiru, ba amsa. Kullum Tela sai ta leƙa tasha, a ce direban bai dawo ba. Wannan ta hannun wani mai bas na ba da. In fushi kike yi da ni ki yi, amma ki isar da saƙo.

Jiya aka sa wa yarinya robar hanci. Mai ƴan biyun da ke kusa da mu an sallame ta, an kawo wata, ita ma an sallame ta, mu muna nan.

Na kalli wasanku. Akwai talabijin a barandar asibiti, masu jinya suka taru, ni ma na tsaya a baya, karo na farko a rayuwata da na tsaya kallon wannan haukan daga farko har ƙarshe. Na gan shi, ya rame. Na ga wani ya taho da gudu, shi kuma ya bi shi, na ce yauwa, yau ne. Sai ya kama masa gefen riga, da yatsa biyu, kamar mai duba yadi a kasuwa. Mutumin ya faɗi don ganin dama. Mijina ya tsaya, ya miƙa masa hannu, ya tashe shi, har yana kaɗe masa ciyawa a baya. Alƙali ya zaro kati. Rawaya, Gwaggo! Na ce ja, ya je ya samo mini rawaya. Masu kallo suna ta salati wai Liman ya karɓi kati, yau duniya za ta tashi. Aka tashi canjaras, suna murna kamar an raba musu gado.

Ki gaya masa na gani. Ki gaya masa haka, kar ki rage: yana jin kunyar alƙali, yana jin kunyar Ciyaman, yana jin kunyar wanda ya zo cin ragarsu, mu kaɗai ne ba ya jin kunyarmu. In sunan Liman ɗin yake tattali, ya riƙe shi da kyau, za a buƙaci mai jan salla nan ba da daɗewa ba, gawar ma ƙarama ce, ba za ta ɓata masa lokaci ba.

Tela ta ce ba za ta rubuta wannan ba. Na ce ta rubuta. Ta rubuta? Nuna mini wurin. To.

Ɗiyarki.

Daga Gwaggo

Ɗiyata, ina gaisuwa a gurguje. Da farko, ki aika a kulle ƙofar gidanku, a cire labulen nan mai tambarin kulob in kuna da shi, kar a gane ɗakin. Ke ki zauna a asibiti.

Takardarki ta zo. Na ga alama tawa ta baya ba ta same ki ba. Ban iya faɗa masa maganar da baki ba, na sa masa takardar cikin jesinsa da na ninke. Da ya karanta ban gani ba. Na dai ga bai ci abincin rana ba.

Wasan yau a gidanmu aka yi, fili ya cika har kan katanga, Ciyaman ya gayyato manyan baƙi. Ina tsaye bakin ƙofar nan taki da tawul a hannu. An dawo hutun rabin lokaci ba wanda ya ci wani. Gola ya gangaro wa mijinki ƙwallo, ba kowa kusa da shi. Sai ya sunkuya ya ɗauke ta. Da hannu biyu, ɗiyata, kamar mai ɗaukar jariri. Ya taka a hankali har gaban alƙali, ya miƙa masa, har da ɗan rusunawa. Fili ya yi tsit, kana jin mai sayar da ruwa a can ƙarshe. Alƙali ya kalle shi, ya kalli ƙwallon, ya ɗaga rawaya. Mijinki ya tsaya yana jira. Da ya ga ba ƙari, sai ya tuɓe jesinsa, ya ninke ta tsaf yadda nake ninkewa, ya ajiye a kan ciyawa, ya tafi ya zauna a tsakiyar fili. Alƙali ya yi magana, ya yi magana, mijinki bai tashi ba. Ya zaro rawaya ta biyu, ya bi ta da ja. Mijinki ya ce masa na gode. Ko ƙafar mutum ɗaya bai taɓa ba.

Da suka rage goma aka zura musu biyu. Dogon mai ɗan kunne yana can yana gyara gashi.

Da wani ne, da an ce zafin rana ya taɓa shi, a ba shi buhun yashi a wuce wurin. Amma duk sansanin sun san zancen saƙonki. Kafin a tashi wasa mataimakin Koci ya kai wa Ciyaman a kunne, daga nan ya shiga bakin ƴan kallo. Kar ki ce bakina ne. Ni wasa na yi, wa ya san akwai mahaukacin da zai ɗauka da gaske? Ciyaman ya sauko ɗakin canza kaya yana kumfa, ya ce an sayar da shi a gaban baƙinsa, mace ta shigo masa kulob ta taga. Ya ce ba horo, ba buhun yashi, ya fice masa, kuma zai tabbatar ba wani kulob na babbar gasa da zai ƙara ba shi ko ruwan sha. Mai gadi ya wurgo jakarsa waje.

Na fitar da shi ta ƙofar wanki da tawul a kansa, don masu jifa suna ta gaba. Ya nufi tasha da ƙafa. Kin samu abin da kike so. Allah Ya sa jinin ya yi amfani, don ya yi tsada.

Gwaggonki.

Daga uwar Ƴar Kofi

Gwaggo, sallama da gaisuwa. Ya ƙafa, ya kumfa? Na daɗe ban aiko ba, hankalina ne bai dawo jikina ba sai yanzu.

Ya iso. Ina zaune ina kaɗa wa yarinya ƙuda na ga mutum tsaye a bakin ƙofa da jaka mai tsinkakken hannu, leɓensa a fashe, wani ya same shi da dutse a tasha. Bai kalle ni ba. Ya je ya sa kunnensa a ƙirjinta, sannan ya naɗe hannun riga ya ce wa nas ina wurin ɗiban jinin. Washegari aka shiga da ita ɗakin aiki. Ni da shi muka zauna a kan benci ɗaya har likita ya fito yana cire safar hannu ya ce an dace, amma da mun ƙara jinkiri da ba wannan maganar ake ba.

Tana nan da rai, Gwaggo. Cikin ya saɓe. Tana kama nono har da cizo.

Takardunki biyu tare suka zo, direban ya gyara motarsa. Tela ta karanta mini ta farkon, wadda kika ce ban je makaranta ba. Gaskiyarki, ban san doka ba. Ashe da ya karɓi jan nan shiru, da yana can yana zagaye fili da yashi, ni ina nan ina jiran mota. Ke mai makaranta, da kika mayar da kukana abin dariya a wurin shanya, ke kika buɗe ƙofar. Ban san ko in gode miki ko in zage ki ba. Na bar miki ki zaɓa.

Gidanmu sun fasa tagogi, sun rubuta wani abu a bango da gawayi. Na ce Tela ta karanta mini, ta ce rubutun ba ya fita. Ƙarya take yi. Mai shagon da ke ba shi shayi kyauta yanzu in ya gan shi sai ya juya baya. Mai ƙahon nan ya shiga rediyo ya ce a canza wa yarinya suna, ba su yarda ta ci gaba da amsa na kulob ba. Ji fa. Kamar su suka haifa.

Jiya aka yi wasanku na ƙarshe. Mai gadon da ke kallon namu ya kunna rediyo. Na tashi zan ce ya kashe, baban yarinya ya ce in bari. Yana zaune da yarinya a cinya, ya sunkuyar da kai kamar ba ya ji. Amma ina kallon ƙafarsa. Duk lokacin da mai rediyo ya ce an taho ragarku, sai ƙafar ta zabura ta daki ƙarfen gado. Shi bai ma san tana yi ba. Dogon naku mai turare ya ci ɗaya, wai a gwiwa ƙwallon ta buge shi ta shiga. Kun tsira. Asibiti ya ɗauki ihu, har masu karaya. Sai na ji mijina ya ce alhamdu lillahi, can ƙasa-ƙasa. Don su, Gwaggo. Mutanen da suka wurgo masa jaka. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai ihun ya firgita yarinya ta tsala kuka, irin na da, mai tashin unguwa, har nas ta leƙo ta ce a fita da ita. Muka fita da ita baranda mu biyu, muna jijjigawa.

Ban ba shi haƙuri a kan maganar da na aiko ba, shi ma bai tayar da ita ba. Da safe yakan fita bayan asibiti, akwai wani fili da ake shanya zannuwan gado, ya yi ta gudu shi kaɗai daga wannan igiya zuwa waccan. Ta taga nake hango shi.

Ke kin daɗe cikin mahaukatan nan, kin san na sama kin san na ƙasa. In kin ji wani kulob, ko na can ƙasa ne, ko na ƴan kasuwa, ko na ma'aikatan ruwa, da ke neman ɗan baya, ki gaya musu akwai wani. Ki gaya musu gaskiya, sau ɗaya ya taɓa ɗaukar ƙwallo da hannu. Amma ki fara tambaya mini, a nasu kulob ɗin mutum a gidansa yake kwana?

Ɗiyarki.